Makullin kwamfutar ofis, a hannun wa ya kamata ya zauna?



Tun da sabon kwamiti ya karɓi ragamar ƙungiya aka ji mun canza kalmar sirrin kwamfutar ofis, maganganu ke ta yawo a majalisu. Wasu sun ce zargi ne, wasu sun ce sababbin shugabanni ne ke nuna isa. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya tare mu bayan La'asar ya ce, "Malam Sakatare, yaran nan sun yi muku hidima shekara da shekaru, yau kuma su ne ba a yarda da su ba?" Muka ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda aka zarga." Amma ƙofar masallaci ba wurin doguwar magana ba ce, shi ya sa muka ga gara mu zauna mu rubuta bayanin a nan, kowa ya karanta a tsanake, wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa.

Mu fara da abin da ke cikin kwamfutar, don wasu na ɗaukarta injin buga takardar gayyatar ɗaurin aure ne kawai. A cikinta akwai rajistar membobi: sunan mutum, garinsu, unguwar da yake kwana, sana'arsa, lambar wayarsa, da lambar ɗan uwansa na gida da za a kira idan wani abu ya faru. Akwai lissafin kuɗin wata-wata da na asusun jana'iza. Akwai kwafin wasiƙun da muka aika wa ƙaramar hukuma da fadar Sarkin Hausawa da ofishin 'yan sanda, da takardun rajistarmu ta CAC. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san darajar wannan lamba ta ɗan uwa na gida. Mutum zai baro Sakkwato ko Maraɗi shi kaɗai, yana dako a mayankar Oko-Oba ko yana tura ruwa a Zango, rana ɗaya ciwo ya kayar da shi, Allah ya yi masa rasuwa. Wayarsa a kulle, abokan kwanansa laƙabinsa kawai suka sani. Mu kuwa ba ma son gawa ta kwana. A irin wannan rana, wannan rajista ce ke sa a kira mahaifinsa ko matarsa kafin a kai shi makwanci, maimakon su ji labari bayan wata biyu a bakin direban tirela.

To, wannan rajista ce wata ƙungiya ta 'yan uwanmu da ke maƙwabtaka da mu ta rasa ɗungurungum. Ba za mu ambaci suna ba, su da kansu suka ba mu labarin don mu ɗauki darasi. Sun haɗa kuɗi sun sayi laftof mai kyau, suka ba wani matashi mai hazaƙa a cikinsu ya saita musu. Yaron kirki ne, bai ci amanar kowa ba. Da kwamfutar ta nemi adireshin imel lokacin saiti, sai ya sa nasa, da lambar wayarsa, don su ne a kusa. Shekara ta zagayo, ya samu hanya ya bar ƙasar. Layin da ya bari ya daɗe ba a amfani da shi, ga kuma dokar haɗa layi da lambar NIN da gwamnati ta fito da ita a Disambar 2020, layin ya mutu. Su kuwa 'yan ofis ba su ga wata matsala ba, tunda kullum suna shiga da 'yar lambar nan guda huɗu da ya koya musu. Sai ranar da wutar NEPA ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu a cikin injin. Aka kai gyara, aka canza babban allon ciki, aka kunna, sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48. Ba wanda ya taɓa jin labarinsu. Lambobin suna can ajiye a akawun ɗin Microsoft na yaron. Da ƙyar aka same shi a waya, shi kuma ya manta kalmar sirrin imel ɗin, hanyar da za a turo masa sabuwa kuwa ita ce layin da ya mutu. Mai gyara ya gaya musu gaskiya: injin zai tashi, amma sai an goge komai. Rajistar shekaru ta tafi, yanzu suna bin mutane rumfa-rumfa suna sake rubutawa.

Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da muka yi ke nan.

Waɗannan lambobi 48 na wani tsari ne da ke cikin Windows mai suna BitLocker. Aikinsa shi ne ya cakuɗa duk abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta yadda ba mai iya karantawa sai da makulli. Kuma yana da amfani ƙwarai, don kalmar sirrin da kuke bugawa lokacin shiga, ita kaɗai, kwaɗon ƙofa ce kawai. Ɓarawon da ya ɗauke injin zai iya kwance rumbun ya jona shi a wata kwamfuta ya karanta komai, bai ko nemi kalmarku ba. In an kunna BitLocker ba zai iya ba. Sai dai tsarin bai san ɓarawo ba, bai san mai kaya ba: duk wanda ba shi da makulli baƙo ne a wurinsa. Sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kunna wannan kariya da kansu da zarar an shiga da akawun ɗin Microsoft, su tura makullin can cikin akawun ɗin, mai injin bai ma sani ba. Kada ku ɗauka mu 'yan ƙananan ƙungiyoyi kaɗai abin ke kamawa. Ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabunta manhaja na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, har jirage suka kasa tashi, manyan kamfanoni da yawa sun sha wahalar gyara saboda sai an nemo wa kowane inji nasa lambobin kafin a taɓa shi.

Yanzu maganar admin, wadda ita ce ta fi jawo gunaguni, don an ji mun rage wa wasu iko. Duk wanda ke zaune a gidan haya a Legas zai gane wannan cikin sauƙi. Ɗan haya yana da makullin ɗakinsa, ya shiga ya fita, ya jera kayansa yadda yake so. Amma ba shi da ikon fasa bango, ko canza kwaɗon babbar ƙofa, ko ba wani ɗaki. Wannan na mai gida ne ko wakilinsa. Haka kwamfuta take. Akwai akawun na gama-gari, wanda mai shi zai yi rubutu, ya buga takarda, ya shiga intanet, ya canza kalmar sirrin kansa. Akwai kuma akawun na admin, wanda shi ne ke iya saka sabuwar manhaja, ya cire tsohuwa, ya buɗe wa wani akawun ko ya rufe, ya leƙa fayilolin kowa, har ya canza wa kowa kalmar sirri ba tare da ya san tsohuwar ba. Tun daga Windows Vista da ta fito kasuwa a 2007, duk lokacin da za a yi wani babban canji allon yakan dushe, wani akwati ya fito yana tambaya. In da akawun ɗin admin kake ciki, Yes ko No kawai zai nema. In da na gama-gari kake, sai ya ce a kira admin ya buga kalmarsa. Kwamfutocin Apple ma haka suke neman suna da kalmar admin, masu amfani da Linux kuma sun san kalmar sudo da ake rubutawa kafin babban umarni. Ma'anar duka ɗaya ce: tsaya, wa ya ba ka izini?

Matsalar ita ce yawancin kwamfutocin da ke ofisoshin ƙungiyoyinmu da shagunanmu akawun ɗaya tak gare su, kuma na admin ne, kowa da shi yake shiga. Sakatare da shi, ma'aji da shi, yaron da aka aika ya buga takarda da shi, ɗan maƙwabta da ya zo cike fom ɗin JAMB da shi. Akwatin nan in ya fito, hannu ya riga ya saba, Yes kawai ake dannawa ba a karanta ba. Ta wannan ƙofa ce manhajar ɓarna ke shigowa, daga filashin da ya zaga shagunan buga takardu goma, ko daga wata manhajar sauke fim ta kyauta. Kuma akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: duk kalmomin sirrin da aka bari Chrome ya riƙe, na imel da sauransu, wanda ya san kalmar shiga kwamfutar zai iya buɗe su ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Ashe kalma ɗaya da mutum goma sha suka sani ita ce ke tsare da komai.

Akwai kuma bambanci tsakanin canza kalmar sirri da sake ta da ƙarfin admin, kuma wannan ya kamata duk mai kwamfuta ya riƙe. Canzawa ita ce ka shiga da kanka, ka danna Ctrl da Alt da Delete tare, ka zaɓi canza kalma, ka buga tsohuwa, sannan sabuwa sau biyu. Ba abin da zai ɓata. Sakewa kuwa ita ce admin ya zo daga waje ya ɗora maka sabuwa saboda ka manta tsohuwa. Wannan kamar fasa kwaɗo ne: za a shiga ɗakin, amma a akawun ɗin da ke kan injin kaɗai, kalmomin da aka adana da fayilolin da mai akawun ya kulle da kansa za su iya zama ba sa buɗuwa, Windows ma takan yi gargaɗi kafin a yi. Shi ya sa muka roƙi tsohon sakatare, wanda ya amsa da hannu biyu, Allah ya saka masa da alheri, ya zo ofis ya buga tsohuwar da hannunsa a gaban shugaba da ma'aji, sannan aka sa sabuwa. Minti biyar aka gama, aka sha shayi. Da an bari sai ya tafi gida noman damina, labarin zai bambanta.

Wani ɗan uwa mai aiki a banki ya kawo shawara a taro cewa a riƙa canza kalmar duk wata, kamar yadda ake tilasta musu a wurin aiki. Mun gode masa, amma ba mu ɗauki wannan ba, kuma muna da dalili. Dokar nan ta a cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomi, a kuma riƙa canzawa a kai a kai, ta bazu ne daga wata takarda ta hukumar NIST ta Amurka, wadda wani ma'aikacinta mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. A 2017, bayan ya yi ritaya, mutumin ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar mafi yawan abin da ya rubuta. A shekarar ce kuma hukumar ta sauya shawara, ta ce kada a tilasta canji don kawai kwanaki sun cika, sai in akwai alamar kalmar ta fita. Microsoft ma ta cire wannan sharaɗi daga shawarwarinta na tsaro a 2019. Dalilin a fili yake, mu ma muna gani: wanda aka matsa wa canji duk wata, Agege1 zai mayar Agege2, wata mai zuwa Agege3, ko ya rubuta a 'yar takarda ya manna a jikin allo. Mu ƙa'idarmu ita ce ta banki ta ɗaya ɓangaren. Idan aka yi zaɓe, ba a jira komai, ana rubuta wa banki a canza masu sa hannu, kuma ba mu taɓa jin tsohon ma'aji ya ce an ci masa fuska ba. To kalmar sirri ma haka: ana canza ta ranar da hannu ya canza, ranar da injin ya dawo daga gyara, da ranar da aka yi zargin wani ya gani. Ban da waɗannan, a bar ta ta zauna. Kuma wannan kariya ce ga wanda ya sauka, don in gobe wani abu ya ɓace a lissafi, ba mai ɗaga ido ya kalle shi.

Game da irin kalmar da za a zaɓa, ba sai mun tsawaita ba. Hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta bincika a 2019 ta tarar da 123456 a akawun sama da miliyan 23 da aka yi wa kutse. Namu na gida kuwa mun san su: lambar waya, sunan ɗan fari, sunan garinmu, shekarar haihuwa. Duk wanda ya zauna da kai sati ɗaya zai canka. Abin da ya fi shi ne tsawo: kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, waɗanda kai za ka iya tunawa. Kada ka ɗauko karin magana sananniya. Sannan ga wata shawara da ba za ku samu a littafin Turawa ba: ku guji baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a cikin kalmar shiga kwamfuta. A waya suna da sauƙi, amma allon shiga na kwamfuta sau da yawa madannan Turanci kawai yake ba ka, sai ka tsaya kana kallon kalmarka ba ka da yadda za ka buga ta. Ita kuma 'yar gajeriyar lambar nan da ake kira PIN, a kan wannan injin kaɗai take aiki. Tana da sauƙi, kuma sauƙin nata ne ke sa mutum ya shekara bai buga ainihin kalmar ba har ya manta da ita.

Ga yadda muka tsara namu yanzu, don kowane memba ya sani, kuma duk ƙungiyar da ta ga zai amfane ta, daga Idi-Araba har Mile 12 da Alaba Rago, ta ɗauka. Akawun ɗin admin biyu ne, ɗaya na sakatare, ɗaya na shugaba, kowa da kalmarsa, kuma ko mu ba ma aikin yau da kullum da su. Muna da na gama-gari da muke rubutu da shi, akwai wani dabam na baƙi wanda ba ya ganin rajista, yaranmu masu cike fom su yi amfani da shi. Imel ɗin da aka ɗaura injin a kai na ƙungiya ne, ba na mutum ba, layin wayarsa yana cikin durowar ofis, ana sa masa kati ana kira da shi duk wata don kada ya mutu. Kalmomin admin da lambobin nan 48 an rubuta su a takarda, an sa a ambulan, an liƙe, shugaba da ma'aji sun sa hannu a bakin liƙin, an damƙa wa ɗaya daga cikin amintattun ƙungiya da ke zaune da iyalinsa a nan. Ba a buɗewa sai mutum biyu suna tsaye, in an buɗe kuma a canza a sake liƙewa.

Mun san wani zai ce ai an hana rubuta kalmar sirri a takarda. An hana mannawa a jikin allo ko sawa a ƙarƙashin madannai. Amma ɗan damfarar da ke zaune a wata ƙasa ba ya iya miƙo hannu cikin akwatin ƙarfen Alhaji. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne tafiya, rashin lafiya da mutuwa, mu da kullum ƙafarmu ɗaya tana Legas ɗaya tana Arewa. Kowa ya san yadda unguwar nan ke komawa idan Babbar Sallah ta matso, ko damina ta faɗi. Mutum ya ce sati biyu zai yi, sai a gan shi bayan wata biyar, wani kuma ba a sake ganinsa.

Wajen gyara ma mun sa ƙa'ida. Computer Village da ke Ikeja kusa take da mu, kuma akwai ƙwararru masu amana a can, har da 'yan uwanmu. Mai gyara yana da gaskiya in ya nemi ikon admin, don ba zai iya aiki ba sai da shi. Abin da za a yi shi ne a kwafe rajista a filashi kafin a fita da injin, a buɗe masa akawun na wucin gadi, mutum ɗaya daga kwamiti ya zauna har a gama, in an dawo a goge akawun ɗin. Kuma kada a yarda da kalmar "sai an yi fomatin" kafin a tabbatar akwai kwafi a hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ko a wajen hukuma: tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma duk wanda ya tara sunaye da lambobin mutane nauyin tsare su yana wuyansa. Ku da kuka ba mu lambobin iyayenku da matanku, ba don su yi yawo a kasuwa kuka ba mu ba.

Saura magana ɗaya da za ta zo gaban taro. Injin da muke da shi Windows 10 ke kansa, Microsoft kuma ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa mata na yau da kullum. Namu tsoho ne, ba shi da abin da Windows 11 ke buƙata, don haka ko ba jima ko ba daɗe sai an sayi wani. Duk ranar da Allah ya hore, ko wani mai hali ya ba da kyauta, muna roƙon kada a kunna shi a shago a saita da imel ɗin wanda aka aika. A kawo shi ofis a kwalinsa, a saita shi a gaban mutum uku.

Kafin nan, mun buga rajistar gaba ɗaya a takarda, za a kuma riƙa sabunta bugun duk bayan wata uku, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya wurin shugaba. Da muke dubawa mun ga lambobin gida da yawa sun daina shiga. Duk wanda ya san ɗan uwansa na gida ya canza layi, ko wanda ya ba mu lambarsa ya rasu, ya biyo ta ofis bayan sallar Juma'a a gyara. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da saƙo ta hannun wakilin layinsu.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.